'Yan Shila Huɗu Zuwa Ganye

Limawa, Jimeta.

Zuwa ga ɗana Sa'idu,

Assalamu alaikum, Autana. Ina gaishe ka da kyau, ina roƙon Allah ya sa lokacin da kake karanta wannan takarda ka riga ka sauka Ganye lafiya, kai da jakarka da kwandon da na ɗora maka a cinya. Allah ya tsare hanya, ya tsare direbanku daga gudu da gyangyaɗi, ya haɗa ka da mutanen kirki tun daga bakin tasha.

Na sa takardar a ƙarƙashin tsumman kwandon ne don na san ba za ka ɗaga shi ba sai ka isa. Da baki na so in faɗa maka, amma ka san ni, da na ambaci babanka sai murya ta ƙi fita.

Goggonka Asabe ta gaya mini abin da ka ce mata. Wai wata ɗaya za ka gwada aikin koyarwar, kana zuwa gida kowace Juma'a, in ka ga ban iya zama ni kaɗai ba sai ka ajiye ka dawo. Kada ka ji haushinta, ni na matsa mata. Ta kuma ce shugaban makarantar ya faɗa maka wannan ne karo na ƙarshe da zai riƙe maka gurbin. To, abin da ya sa na ɗauki biro ke nan. Amma bari in fara da tattabaru, don yanzu su na fi iya magana a kai.

Buɗe kwandon a hankali ka duba su. 'Yan shila huɗu ne, wata ɗaya da ƙyanƙyasa, sun fara cin tsaba da kansu. Toka-tokan nan biyu 'ya'yan Direba ne, namijin tattabarar nan da babanka ya fi ji da shi. Ka ga ƙirjinsu? Ka ga idon? Wallahi ranar da na zaɓe su sai da na yi ta kewaya tsakar gida ina murmushi ni kaɗai. Ban ba ka manya ba, don babba ya riga ya san gida. Da Direba na ba ka, ranar da ka buɗe masa ƙofa kafin ka gama shan shayi ya iso Limawa. Waɗannan kuwa ba su taɓa hawa sama ba. Rufin da suka fara tashi daga kansa, shi ne gidansu har abada. Rufinka ke nan.

Na san za ka ce ka san tattabaru. Ba ka sani ba, Auta. Fito kawai ka iya. Ba ka taɓa share ɗakinsu ba, ba ka taɓa wanke kaskon ruwansu ba, lokacin babanka ƙwallo ce a gabanka. Ni ma ban sani ba sai da na yi ɓarna, don haka zauna ka ji ɓarnar.

Ranar da ka koma wurin bautar ƙasa bayan sadakar bakwai, na je na tsaya gaban ɗakin tattabarun. Su goma sha shida ne. Na dube su, na ce a raina abin da ya rage mini ke nan mai motsi daga hannun mutumin nan, ba zan bari ko ɗaya ta ɓace ba. Na samo kwaɗo na kulle ƙofar. Wata huɗu da kwana goma na takabata, ni ba fita, su ba fita. Kuma da tausayi ya kama ni sai in watsa masu masara da gyaɗa, sau huɗu, sau biyar a rana. Suka yi ƙiba kamar agwagi. Ina ganin kirki nake yi masu.

Ranar da na fita takaba na buɗe masu. Suka tashi da kyar, fiffike na ƙara, ko kewaye biyu ba su yi ba suka fara haki. A gaban idona shaho ya sauko daga wajen kogi ya ɗauke farar nan da babanka yake kira Amarya. Gashinta kawai na ga yana saukowa. Washegari ya dawo ya ɗauki wata. Tattabarun da a da shaho ba ya ko gwada bin su. Kwaɗona ne ya ba shi su.

Don haka ka ji. Kulle yana da lokacinsa, kuma yana da iyaka. Naka ka tsare su mako biyu, kada ka wuce. Ka sa kafinta ya yi masu ɗaki a sama da ƙasa, mai ƙafafu, da taga ta waya inda za su riƙa leƙen unguwa suna haddace bishiyoyi da rufin maƙwabta. Bayan mako biyun ka buɗe masu da la'asar, ko da zuciyarka tana bugawa. Za ta buga, ina gaya maka. Buɗe dai.

Kuskurena na biyu a ranar nan ɗaya na yi shi. Kafin in buɗe ƙofar sai da na cika masu ciki, wai kada su ji yunwa a sama. To mai ƙoshi me zai sauko nema? Suka baje a kan rufin mutane suna kallona. Na kira, na tafa hannu, na watsa dawa, ko a jikinsu. Su fiton babanka suka sani, wannan mai hawa sau biyu ya sauka. Ni kuwa tun ina yarinya aka hana ni fito.

Rana ta biyu na shiga kicin na tura ƙofa, na tsuke baki ina gwadawa. Ba abin da ke fita sai iska, fuu, fuu. Ina cikin haka Goggonka ta banko ƙofar.

Ta ce, “Halima, me nake ji? Mace da fito? Jiya-jiya fa kika fita takaba!”

Na ce, “Adda, wuta nake hurawa.”

Ta dubi rishon, ta dube ni. Ta ce, “Risho kike hurawa? To Allah ya ba da sa'a, in ya kama ki kira ni in gani.”

Muka kwashe da dariya har muka zauna a ƙasa, daga nan dariyar ta juye kuka. Ita ce dariyata ta farko tun rasuwar.

Goggonka ce ta aika aka kira Ticha Istifanus daga Jambutu, abokin babanka na tattabaru, wanda suke musayar 'yan shila tun kana firamare. Ya zo a tsohon babur ɗinsa, ya ɗaga kai ya dubi rufin, ya girgiza kai. Ya ce, “Maman Sa'idu, tattabara bai damu da fito ba, cikinsa yake bi. Ki sake shi da yunwa. In ya gama yawo ki yi masa ƙara ɗaya, kullum irin ɗaya, sannan ki ba shi abinci. Ko gwangwani ne ki sa dawa a ciki ki kaɗa.” A rana ta uku yunwa ta sauko da su da kanta, kamar yadda ya ce.

Ka riƙe wannan da kyau, don shi ne tushen abin duka. Abinci sau biyu, safe da yamma, a lokaci ɗaya, daga hannu ɗaya, da kira ɗaya. Dawa da gero, da ɗan wake, masara kaɗan. Abin da ba su cinye nan take ba ka kwashe. Ka ajiye masu 'yar tsakuwa da jar ƙasa a gefe, suna buƙata don niƙa abinci a ciki. Ruwa kullum sabo, ka ɗauraye kaskon da hannunka, kada ka ce ai na jiya bai ƙare ba. In zafi ya taso ka sa masu ruwa a faffaɗan kwano su yi wanka. Wayyo, Auta, sai ka ga wankan nan! Suna tsoma kai, suna baza fiffike, suna ture juna kamar yara a bakin Binuwai. Ni in suna yi ajiye tsintsiya nake in zauna kallo.

Na uku abin kunya ne, amma gara ka ji daga bakina kafin Ticha ya ba ka labarin da ƙari. Na ga wasu biyu kullum suna tare, suna sosa wa juna wuya, na ce to ga miji da mata. Na ware masu tukunya, na sa masu ciyawa. Da na leƙa bayan kwanaki sai ga ƙwai huɗu! Na yi ta murna, na ce albarka ta sauka, a hannun babanka biyu suke yi, a hannuna huɗu. Har Goggonka na kira ta zo ta gani. Kwana goma sha takwas ake yi a ƙyanƙyashe. Na jira sha takwas, na jira ashirin da biyar, shiru. Na kira Ticha. Ya leƙa tukunyar, ya ɗaga wannan, ya ɗaga waccan, sai ya juya mini baya kafaɗunsa suna rawa.

Na ce, “Ticha, lafiya?”

Ya ce, “Maman Sa'idu, kin ɗaura aure babu ango. Duk biyun mace ne. Kowa ya yi nasa biyu.”

Har yau in ya shigo gidan nan sai ya ce, “Ina amaren?”

Naka ban san wane ne namiji wace ce mace ba tukuna, sai sun yi wata biyar ko shida za su nuna. Namiji shi ne mai kumbura wuya yana kewaya mace yana jan wutsiya a ƙasa yana gurnani. In sun yi ƙwai za ka ga shi ke kwanci daga hantsi zuwa la'asar, ita ta karɓa. Biyu ake yi, in ka ga huɗu ka tuna da ni. Abin da nake so ka ɗauka a nan shi ne, da na tambaya tun ranar farko da ban ɓata wata guda ina gadin ƙwan banza ba. Kunya ce ta hana ni, kada a ce matar mai tattabaru ba ta san namiji ba. Kai ma za ka shiga aji ka tarar da abin da ba a koya maka ba. Ka nemi tsohon malami ka tambaya, ko masallaci yake zuwa ko coci. Babanka da Ticha shekara nawa suna tare, ban taɓa jin sun yi musu ba sai a kan tattabarar wa ta fi sauri.

Akwai wani da ba na son tunawa. Wata rana tattabaruna suka sauko da baƙuwa, ja, kyakkyawa, da zare shuɗi a ƙafarta. Zaren nan alama ce tana da mai ita, na sani sarai. Amma ta shiga raina, na tura ta cikin ɗakin na rufe, na ce ai ita ta kawo kanta. Ashe ba ta da lafiya, shi ya sa ta kasa bin nata garken. Cikin mako idanun nawa suka fara kumbura suna ruwa, uku suka mutu. Na naɗe ta a zane na bi tambaya har unguwar Ajiya, na sami mai ita, wani dattijo mai gyaran rediyo. Bai ce mini komai ba sai godiya, godiyar nan ta fi zagi ciwo. In baƙuwa ta biyo naka, ka ware ta a kwando daban, ka ba ta ruwa, ka nemi mai ita a ranar. Kuma ka kula da muzuru da gafiya, ka sa gwangwani a ƙafafun ɗakin yadda ba za su iya hawa ba.

Yanzu ga babban. Waɗancan duk tattabaru na cuta, wannan kai na cuta.

Ka tuna ranar da ka dawo daga bautar ƙasa? Ko jakarka ba ka ajiye ba, ka ga tattabaru a sama, ka sa baki ka yi fito don wasa. Fiton babanka ne, Auta, babu bambanci ko kaɗan. Suka zubo kamar an jawo su da igiya. Ni ina kicin, ludayi ya faɗi daga hannuna. Daga ranar na jefar da gwangwanin Ticha. Kullum la'asar sai in ce, “Auta, sauko mini da su,” in shige ɗaki in rufe ido in saurara. Ba don tattabaru nake sa ka ba. Na iya sauko da su da na so.

Da takardar aikinka ta farko ta zo, na ga yadda fuskarka ta yi haske. Ban ce kada ka tafi ba, ban da wannan ƙarfin halin. Abin da na yi ya fi haka muni. Na kwanta na ce kaina na ciwo. Na bar abinci a kwano. Na ce, “Oho, ko wa zai sauko mini da tattabarun nan.” Kai kuma ka ninke takardar ka sa a ƙarƙashin katifa, ka ce ai Ganye ba ta gudu. Shekara guda kana zaune, abokanka suna wucewa da rigunan aiki kana gaishe su daga bakin ƙofa. Ina gani, ina yin kamar ban gani ba.

Ticha ne ya faɗa mini, ba ya iya ɓoye magana. Ya same ka kana fito, ya jira ka fita, ya ce, “Maman Sa'idu, wancan kwaɗon kin cire, wannan fa?” Na ji haushinsa kwana uku. A na huɗu na je na tono gwangwanin daga bayan randa.

Shi ya sa na ce maka ka daina fito a gidan nan, wai yana tayar mini da hankali. Na ga ranka ya sosu, amma ka daina. Ka yafe mini. Ba abin da nake son ji a duniya kamar fiton nan. So nake su manta da bakinka su koyi hannuna, don ranar da takarda ta sake zuwa kada ka sami abin fakewa, ni ma kada in samu. Makon farko sun wahalar da ni, ina kaɗa gwangwani suna kallona kamar mahaukaciya. A na biyu Direba ya fara saukowa. Da ya sauko sauran suka bi.

Daga nan muka fara kai su nesa, ni da Ticha, kaɗan-kaɗan. Farko bakin gada, sannan ƙetaren kogi, sannan Girei. Wannan ma ka koya, ba a tsallake mataki, kuma ba a sakinsu in hadari ya haɗu. Amma Auta, ranar Litinin! Ka tafi Yola sa hannu a takardunka, ba ka gani ba, kuma na ƙi faɗa maka don ina so in rubuta shi a nan. Ticha ya ɗauki bakwai a kwando har Ngurore. Da hantsi ya kira ni a waya, ya ce, “Na sake su, sun yi kewaye biyu sun miƙe. Ki fita ki tsaya.” Na fito tsakar gida da gwangwani a hannu. Goggonka tana zaune a kan turmi tana cewa, “Ki zauna mana, tsayuwarki ce za ta ƙara masu gudu?” Na ƙi zama. Ina kallon yamma har idona ya yi ruwa. Can sai na ga ɗigo-ɗigo a saman mangwaron maƙwabta. Na ƙirga, ɗaya, biyu, har bakwai! Suka yi kewaye ɗaya a kan gidan, na kaɗa gwangwanin sau uku, suka naɗe fiffike suka zubo a gabana, Direba har kan ƙafata. Ban san lokacin da na rangaɗa guɗa ba. Goggonka da ke cewa in zauna, ita ce ta tashi tana rawa da zane a hannu. Maƙwabta suka leƙo suna tambaya ko haihuwa aka yi.

Ni, Halima, da hannuna! Ba fito, ba kowa.

Kuma ba mu tsaya ba. Ticha ya ce wata mai zuwa Mayo Belwa, in sun yi kyau sai Jada. Daga Jada ina ya rage? Ganye! Rana tana zuwa da zai kawo maka kwandona har ƙofar makarantarku, ka sake su da hannunka, ni ina nan ina jira. Naka kuma in sun yi ƙarfi ka kawo mini biyu lokacin hutu, ka koma ka bar su, in sake maka su da safe mu ga ko na Ganye za su kai na Limawa. Ina gaya maka tun yanzu ba za su kai ba. Ka ga ina da aiki a gabana. Da safe shara da ruwa, da la'asar tashi, ga tattabarata Hajiya tana kan ƙwai, na gaske wannan karon. Kewar babanka tana nan, ba inda ta je, kuma zamanka a gida bai rage ta ba, kai ma ka gani. Ita wannan tawa ce, ni zan ɗauke ta.

Saura magana ɗaya. 'Yan shilan nan, daga ranar da ka sauke su sai sun yi kwana arba'in a hannunka ba fashi kafin su zauna da gidan. Mako biyu a kulle, sauran kana sakinsu kullum la'asar kana kiransu. In ka tsallake kwana biyu a tsakani, ko ka bar wa maƙwabci, za su tashi su rasa mai kiransu, su bi garken wani ko su kwana a bishiya muzuru ya same su. Biyu daga ciki jinin Direba ne, ba ni da wasu kamarsu. Juma'a shida ke nan ba za ka iya barin Ganye ba.

Na ƙirga su kafin in ɗaure kwandon, Auta. Da gangan na yi. Da turare zan ba ka na tunawa, ko hular babanka, da ka sa a jaka ka hau mota ranar Juma'ar farko. Na ba ka abin da zai ji yunwa in ba ka nan. Ka yi fushi da ni in kana so, ka kira ni a waya ka yi mita, zan saurara. Amma ranar Juma'a in an tashi daga makaranta, ka je masallaci, ka dawo ka wanke kaskon ruwa. Kada ka je tasha. In kwana arba'in sun cika za ka san sunan ɗalibanka, za ka san mai shayin da ya iya shayi, za ka ga tattabarunka huɗu suna kewaya rufinka. Ranar ka zo, in dafa maka miyar kuka da kifin Binuwai, ka kwana biyu ka koma.

Allah ya tsare mini kai a zaune da a tafe. Allah ya sa albarka a aikinka, ya ba ka haƙuri da 'ya'yan mutane, ya kare ka daga ciwo da mugun aboki. Allah ya jiƙan babanka, ya haskaka kabarinsa. Goggonka tana gaishe ka, Ticha ya ce ka yi ƙofar ɗakin tana duban gabas.

Yanzu ajiye takardar ka ba su ruwa, sun sha hanya.

Wassalam,
Dadarka, Halima.